Mai Faranti, Mai Jin Zurfin Ƙarfe

Rabin rayuwata na yi ta ina haƙa rami a inda mutum ɗaya ya nuna mini da dunduniyarsa. A ma'aikatar ruwa muka haɗu, ni lebura mai diga da shebur, shi mai riƙe da injin gano ƙarfe. Yaran unguwanni ne suka raɗa masa Mai Faranti, saboda ƙasan injin zagayayye ne kamar farantin cin abinci, an liƙa shi a ƙarshen doguwar sanda. Sunan ya bi shi ofis, ya bi shi gida. Matarsa ma, in ranta ya ɓaci, da shi take kiransa.

Gajere ne kakkaura, mai saurin tafiya, kullum kamar ya makara. Ni kuwa Dogo ake ce mini, ba sai na faɗi dalili ba. In muka jero a titi, shi da sandarsa ni da digata, sai masu shaguna su leƙo su ce ga lamba goma ta fito.

Da farko lebura ne kamar ni. Mahaifinsa mai gyaran rediyo ne, a cikin shago ya tashi, tsakanin ƙugi da fito da shuuu na rediyoyin da ake nema wa tasha. Ya ce tun yana ƙarami yakan gane rediyon da batirinsa ya kusa mutuwa tun kafin mai shi ya lura. Da injin nan ya iso ma'aikatarmu cikin dogon akwatin katako, injiniyan da aka koya wa aiki da shi bai daɗe ba aka yi masa canjin wurin aiki. Akwatin ya zauna a sito, ɓeraye suna hawa suna sauka. Wata rana helma, wato shugaban leburorinmu, ya tara mu ya ce wa zai ɗauki wannan kaya. Kowa ya sunkuyar da kai, don akwatin batirinsa kaɗai in ka rataya a kafaɗa sai ka karkace. Shi ne ya ɗaga hannu. Daga baya na tambaye shi abin da ya burge shi da injin, ya ce, "Ba abin da ya burge ni, Dogo. Gudun diga na yi."

Aikin da ake so ya yi a fili yake. Bututun ruwan garin tsofaffi ne, taswirar da ke ofis kuma ta fi su tsufa. An yi ta ƙara ciko da kwalta a kan tituna har murafan bawul, inda ake rufe ruwa in bututu ya fashe, suka nutse ba wanda ya san inda suke. Shi zai bi titi yana kaɗa farantin nan dama da hagu, abin ji a kunnuwansa, in injin ya yi kuka ya tsaya ya ja layi da dunduniya. Ni kuma in haƙa.

Sanin wurin bai ba shi wuya ba. Zurfin ne ya wahalar da mu. Wani lokaci ya ce nan ne, sara ɗaya zan yi sai ga gwangwanin madara yana kallona. Wani lokaci in haƙa in haƙa har ramin ya kai mini ƙugu, rana tana dukan ƙeyata, shi yana tsaye a sama yana cewa saura kaɗan. Ran da abin ya ishe ni na jefar da shebur na ce, "Kai dai injin nan naka maƙaryaci ne."

Ya tsuguna a bakin ramin ya ce, "Ba ƙarya yake yi ba, magana ce ba ya ƙarasawa. Ƙusa a saman ƙasa da murfin bawul a can ƙasa, kusan kuka ɗaya suke sa shi. Ni ne ban iya raba su ba tukuna. Ranar hutu ka zo gidana da digarka."

Gidan haya ne, ɗaki biyu da ɗan fili a baya inda matarsa take shanya. Malama muke ce mata, don tana koyarwa a firamare. Ranar ta tafi unguwa. Ya sa na haƙa ramuka a jere a ƙarƙashin igiyar shanyar, wani iya idon sawu, wani ƙwauri, wani gwiwa, na ƙarshe ƙugu. Ya kawo makulli, da ƙusoshi, da guntun bututu, da gwangwani, ya rarraba a ciki. Da ya ga ba shi da abin da ya yi faɗin murfin bawul, sai ya shiga kicin ya fito da murfin babbar tukunya da cokula biyu. Na ce, "Anya kuwa?" Ya ce, "Binne kawai, ba ta cika amfani da shi ba." Muka mayar da ƙasa, muka daddale, ya kafa tsakuwa a kan kowane.

Bayan kwana kaɗan na je ɗaukarsa da safe, na tarar da Malama tsaye a ƙofar kicin, hannu a ƙugu.

Ta ce, "Dogo, kai ne mai gaskiya a cikinku. Ina murfin tukunyata?"

Na dubi mijinta, ya dubi sama. Na ce, "Malama, yana nan gidan, bai fita ba."

"A ina?"

Na nuna mata ƙasa. Ta ce, "Mutane suna shuka tumatir a bayan gida, nawa mijin cokali yake shukawa. To, in ya tsiro a tsinko mini." Ba ta sa an tono ba. Faranti ta riƙa kifawa a kan tukunyar, kuma duk baƙon da ya zo sai ta kai shi ya ga gonar ƙarfen maigida.

A gonar nan ya koyi sana'arsa. Kullum in ya dawo aiki sai ya bi jeren ramukan, ido a rufe, baki a ɗan buɗe, yana saurare. Tun da ya san abin da ke ƙasa da zurfinsa, kunne kawai yake horarwa. Sannu a hankali ya gano dabarunsa, kuma da yake ba shi da wanda zai gaya wa sai ni, duk na haddace su ko da yake ban taɓa sa abin jin a kunnena ba.

Babbar dabararsa ita ce ɗaga farantin. In ya ji kuka, sai ya riƙa ɗaga shi sama a hankali yana ci gaba da kaɗawa. Ƙaramin abu da ke kusa da sama, ana ɗagawa da faɗin hannu zai yi shiru. Babban abu mai zurfi kuwa, ko an ɗaga farantin har gwiwa yana nan yana kira can ƙasa-ƙasa. Bayan haka sai ya ratsa wurin daga gabas zuwa yamma, ya sake daga kudu zuwa arewa, yana sa alama inda kukan ya fara da inda ya ƙare. Kuka siriri mai kaifi, wanda ke zuwa farat ɗaya ya tafi farat ɗaya, na sama ne. Mai faɗi, mai taushi, wanda ke shigowa kamar ƙarar mota daga nesa, na ƙasa ne. Ya kuma lura cewa bayan ruwan sama injin yana jin nesa fiye da lokacin rani, sannan tsohon ƙarfen da tsatsarsa ta rine ƙasar da ke kewaye da shi yakan yi kukan da ya fi girmansa. Yakan ce tsohon ƙarfe kamar tsohon soja ne, labarinsa ya fi shi.

Ba ma auna zurfi da inci. Da jikina muke aunawa. Zai ce idon sawu, ko ƙwauri, ko gwiwa, ko cinya, ko ƙugu. Ran farko da ya ce gwiwa na tambaye shi, "Gwiwar wa? Taka ko tawa? Akwai bambanci fa." Ya ce, "Taka mana, ai kai za ka shiga."

Wanda bai taɓa riƙe diga ba zai ga kamar wasa ne. Amma in an ce maka ƙugu, za ka saki jiki ka yi sara da ƙarfinka har ka kusa, sannan ka ajiye diga ka koma shebur, daga nan ka koma hannu. Tsohon bututu kamar ƙwai yake, sara ɗaya ya ishe shi. Wani wurin ma wayar lantarki ce kwance kusa da shi. Don haka kalmar da ta fito daga bakinsa ita ce lafiyata. Kuma shekara da shekaru in ya ce gwiwa, to a gwiwa shebur ɗina zai yi ƙas a kan ƙarfe, in ya kuskure da ɗan yatsa biyu ko uku ne.

Waɗannan su ne shekarun da nake tunawa in na zauna ni kaɗai. Da safe mu taru a harabar ma'aikata, tsakanin tulin bututu da tsofaffin mitoci, mu sha shayi a wurin mai shayin bakin ƙofa, wanda ya san nawa sukari ya fi yawa. Sai mu hau bayan a-kori-kura, wadda ba ta tashi sai an tura. Shi yakan rungume injin a cinya kamar jariri, ko direba ya faɗa rami shi dai farantin yake karewa. Duk layin da muka sauka, mata su fito da bokitai suna tambayar yaushe ruwa zai dawo, maza su kewaye mu suna ba da shawarar da ba a nema ba. Ba a rasa wanda zai matso ya rage murya ya ce, "Malam, abin nan yana gano zinariya?" Shi kuma ya ce, "Sosai. Kai ni shagon masu sayar da ita ka ga aiki."

Mutane sun saba da shi har suna tare mu da nasu matsalolin. Wani direban tifa ya taɓa zubar da makullinsa cikin tulin yashin da shi da kansa ya juye, ya yini yana tonawa da hannu kamar kaza. Mai Faranti ya zagaya tulin sau ɗaya, ya tsaya, ya ɗaga farantin kaɗan, ya ce, "Sa hannunka nan, iya wuyan hannu." Direban ya zura ya fito da makulli, sai ya rungume ni maimakon shi. Har muka koma ofis Mai Faranti yana mita, wai shi ya yi aikin ni na sha runguma.

Abin da ya same shi a hankali ya zo, shi ya sa ba mu farga ba. Na dai lura yana ƙara murɗa maɓallin ƙarar injin. In na yi masa magana daga cikin rami sai ya ce "Na'am?" sau biyu. Malama ta taɓa yi mini ƙorafi cewa rediyonsa yana hana maƙwabta sakat. Muka ɗauka tsufa ne kawai, muka yi dariya.

Wata safiya aka tura mu wani layi da ruwa ke tsatsafowa a gaban gidan burodi. Ya bi wurin, ya ratsa, ya ɗaga farantin, ya daɗe fiye da yadda ya saba. Sannan ya ja layi ya ce, "Can ƙasa yake. Ƙugu." Na tofa yawu a hannu na kama diga. Ban kai ƙwauri ba na ji digar ta shige wani abu, sai ruwa ya yi tsiri ya wuce rufin shagon. Ya buge ni a ƙirji na zauna daɓas cikin taɓo. Kafin a samo bawul a rufe, ruwan ya shiga gidan burodin ya jiƙa buhunan fulawar da ke ƙasa, mai gidan yana ta ihu, 'yan kallo suna ta dariyar yadda na koma kamar an ƙera ni da laka.

Shi bai yi dariya ba. Ya cire abin jin daga kunnuwansa ya tsaya yana kallonsa. Ya zo ya miƙo mini hannu ya ce, "Dogo, ka ji ciwo?"

Na ce, "Ko kaɗan. Wanka na yi."

Ya ce, "Da lantarki ne fa?" Ya sake duban abin jin. Ya ce, "Wallahi can nesa na ji shi. Can nesa."

Nisan ba a ƙasa yake ba, a kunnensa yake. Malama ta kai shi asibiti, likita ya ce kunnuwan sun gaji, shekarun da suka yi suna shan ƙara sun cinye su, ba maganin da zai dawo da su sai dai a ba shi ɗan abin ƙara ji. Da ya dawo, shi da kansa ya je ya gaya wa helma kada a sake sa kowa haƙa a kan maganarsa.

Ba a daɗe ba aka kawo sabon inji, mara nauyi, mai gilashi a hannu da ke rubuta zurfin da lamba. Wata yarinya injiniya ce ke aiki da shi, mai ladabi, Baba take ce masa. Ran da aka fara fita da shi ya bi mu. Ta auna ta faɗi lambar, na haƙa, a daidai wurin na taɓa ƙarfe. Na ɗago ina tsoron kallon fuskarsa, sai na ga yana gyaɗa kai. Ya karɓi injin ya jujjuya shi ya ce, "'Yata, wannan ya fi nawa. Gani ya kori ji." Ya yi 'yan watanni yana zagayawa da ita yana nuna mata layukan da taswira ta manta da su, sannan aka mayar da shi sito, yana miƙa shebur da safe yana karɓa da yamma, har ya yi ritaya. Tsohon injin kuwa an riga an cire shi daga kayan aiki, helma ya ce ya tafi da abinsa.

Ni ma ban daɗe ba bayana ya ce ya gaji. Na ajiye diga, na koma zaman ƙofar gida. Nakan je wurinsa da hantsi mu zauna a inuwa, ni ina magana da ƙarfi, shi yana amsa rabin abin da na ce. Injin yana rataye a bayan ƙofar ɗakinsa an lulluɓe shi da tsohon zane. Bai taɓa ambatarsa ba, ni ma ban taɓa ba.

Wata damina ina zaune a gidan sai ga shugabar makarantar da Malama ta koyar kafin ita ma ta ajiye aiki. Bayan gaisuwa ta ce wani ɓangare na filin wasan yara yana lotsawa tun da aka fara ruwa. Tsohon maigadin makarantar ya ce ya tuna akwai rijiya a wajen, an rufe ta da faifan ƙarfe aka zuba ƙasa a kai lokacin da ake gina sababbin azuzuwa, amma ya manta daidai wurin. Ta je ma'aikatar ruwa, an ce za a zo, sai dai layin masu jira yana da tsawo, ga hutu ya kusa ƙarewa. Tana tsoron ta sa leburori su yi ta sara a makance, wani ya rufta.

Malama ta maimaita masa maganar a kunnensa na dama, wanda ya ɗan fi. Ya girgiza kai ya ce, "Da wane kunnen zan ji? Wannan abin da likita ya ba ni, in na ɗora na injin a kansa fito kawai yake yi."

Malama ta ce, "Ga Dogo nan da kunnuwa biyu lafiyayyu, ba abin da yake yi da su sai jin gulmar unguwa."

Na ce, "Malama, ni ban taɓa sa abin nan ba."

Ta ce, "Yau ka fara. Kurma da mai ciwon baya, in aka haɗa ku ai za a samu mutum ɗaya."

Ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin. Sannan ya tashi ya sauko da injin, ya kakkaɓe zanen. Yinin ranar ya yi yana goge tsatsar wurin batir, ya kuma ƙara wa wayar abin jin tsawo, don in ba haka ba sai na bi shi a duƙe kamar akuyar da ake ja kasuwa.

Washegari da safe muka je. Makarantar shiru, azuzuwa a kulle, ciyawa ta fito a bakin baranda. Malama da shugabar suka zauna a benci ƙarƙashin bishiya, maigadi da leburori biyu suka tsaya gefe. Ya ɗora mini abin jin ya kunna. Ashe wannan ne abin da ya yi shekaru yana ji. Wani ƙugi ne siriri da ba ya yankewa, kamar sauro ya shiga kwalba. Na ji tausayinsa ya kama ni a wurin.

Ya ce, "Kada ka yi magana, ba zan ji ba. Hannunka zan kalla. In kukan ya tashi ka ɗaga, in ya sauka ka sauke. Iya yadda ya tashi, iya yadda za ka ɗaga."

Muka fara. Taku kaɗan injin ya tsala ihu a kunnena, na wurga hannu sama kamar ɗalibin da ya san amsa. Ya ɗaga farantin kaɗan, shiru. Ya tona da yatsan ƙafa, murfin kwalba. Haka muka yi ta yi, murfin kwalba, ƙusa, ƙarfen fensir, wani murfin kwalbar. Filin wasan yara ba abin da babu a cikinsa. Ya ce, "Dogo, a hankali. Ba gwanjo muke ba." Matan can suna ta dariya.

Sannu a hankali hannuna ya koyi aikin. Da muka matsa kusa da inda ƙasar ta lotsa, sai na ji wani kuka dabam. Bai yi tsalle ba, shigowa ya yi a hankali, mai kauri, yana cika kunne. Na ɗaga hannu sannu-sannu. Ya tsaya cak. Ya ja da baya har hannuna ya sauka, ya sa alama da dunduniya. Ya zagaya ta gefe ya sake shigowa daga wancan ɓangaren, ya sa alama. Ya yi haka ta kowace kusurwa, yana bin gefe, bai yarda mun taka tsakiya ba, sandar kawai yake miƙawa. Da ya gama sai ga da'ira a ƙasa, faɗinta ya kai tabarma. Kuma ba a tsakiyar lotsawar take ba, ta ɗan karkata wajen katanga.

Sai ya miƙa farantin kan da'irar ya fara ɗagawa, idonsa a kan hannuna. Ƙwauri, hannuna yana sama. Gwiwa, ya ɗan sauko amma yana nan. Sai da farantin ya kai masa ƙugu sannan kukan ya mutu, na sauke hannu. Na ga bakinsa ya ɗan buɗe, ya lumshe ido, kamar shi ke ji.

Ya kira leburorin ya ce, "Faifan babba ne. A yadda na gani zai kai cinyar Dogo. Amma ƙasa a jiƙe take, ƙarfen kuma tsoho ne, ni kuma kunnen aro nake aiki da shi, don haka kada ku yarda da ni gaba ɗaya. Ku fara daga wajen layin nan, ku ɗaura igiya a ƙugu. Kuna kai ƙwauri ku ajiye diga ku koma shebur. Kada wanda ya taka cikin da'irar."

Haka suka yi. Suna wuce gwiwata kaɗan suka ci karo da bakin ginin rijiyar, suka share ƙasa da hannu sai ga gefen faifan. Ɗaya daga cikinsu ya dangwala shi da ƙotar shebur, sai ƙotar ta shige kamar a takarda. Tsatsa ta gama da shi, ƙasar da ke sama ce kawai ke riƙe da kanta. Maigadi ya jefa dutse ta ramin, muka yi jim kafin mu ji ya taɓa ruwa. Shugabar makarantar, wadda ta taso ta zo kallo, ta koma ta zauna a kan benci tana salati. A daidai wurin ne yara ke yin layi in za su shiga aji. Kafin a dawo hutu aka cike rijiyar aka zuba kankare a kai.

A hanyar komawa gida ya ƙi ba kowa injin ya riƙe masa. Yana tafe da saurin nan nasa na da, ni ina ɗingishi a baya. Sai ya juyo ya ce, "Na ce cinya, aka samu gwiwa da ɗan ƙari."

Na ɗaga murya na ce, "Ai ka kusa."

Ya ce, "Kunnenka ba laifi. Hannunka ne mai surutu."

Daga nan muka koma aiki, iya ƙarfinmu. Labari ya bazu cewa tsofaffin nan biyu suna nemo abin da ƙasa ta haɗiye. Masu neman turakun ƙarfen iyakar fili suka riƙa zuwa, da masu neman murfin masai da aka yi daɓe a kansa, da wata mata da zoben mahaifiyarta ya sulluɓe a lambu. Ba kullum muke dacewa ba. Amma da safe yakan yi wanka ya sa hula ya zauna jirana, Malama kuma ta ce tun da ya bar aiki ba ta ga yana cin abinci kamar lokacin ba.

Mun yi 'yan shekaru a haka, sai Malama ta kwanta ciwo, kwanciyar da ba ta tashi ba, Allah ya jiƙanta. Bayan rasuwarta gidan ya yi masa girma. Ana ƙwanƙwasa ƙofa ba ya ji, tukunya tana ƙonewa ba ya lura. 'Yarsu Auta, wadda ke aikin jinya a wani gari mai nisa, ta zo ta ce ba za ta bar shi shi kaɗai ba. Ran tafiyar motar ta cika da kaya, ta ce, "Baba, sandar nan ba za ta shiga ba." Ko bai ji ba ne, ko ya yi kamar bai ji ba, ya shiga gaba ya ɗora akwatin batirin a cinya, ya fitar da farantin ta taga. Na riƙe hannunsa ta tagar. Haka motar ta tafi, ina hango farantin har ta sha kwana.

Yana nan da rai. Bayana ba ya barin ni doguwar tafiya, don haka ban je ba tukuna. Auta takan kira ni a ƙarshen mako ta miƙa masa wayar. Sai in ce, "Mai Faranti, yaya jiki?" Ya ce, "E, an yi ruwa jiya, mai yawa." In ba shi labarin mai shayin bakin ƙofa da ya aurar da jikarsa, shi kuma ya ba ni labarin likitan ido. Kowa ya yi nasa, kuma ba mai katse wani.

Makon da ya wuce ya ce mini ana haƙa titin gaban gidan Auta, za a sa sabon bututu. Ya fitar da kujera ya yini yana kallonsu, wai leburorin can ba su iya riƙe diga ba, da baya suke sara maimakon da ƙafa, nan da shekara kaɗan duk za su karkace. Na ce masa ya je ya gaya musu mana. Ya ce a'a, bai ci abinci ba tukuna, sai an jima. Sai Auta ta karɓi wayar tana dariya, ta ce, "Kawu Dogo, ai tun safe yana can a kansu, har kujera suka matsar masa bakin ramin."